Mai Tsaron Birki

Ƙarfe biyun dare a Lisbon.
Graciete Pombeiro ta tuɓe safar hannu,
kofi ya huce a bakin taga.
Ɓeraye goma sha biyu aka ɗiga wa bairos ɗin mura ran Litinin.
Yau Asabar. Bakwai ke numfashi.

A fatar ƙwayar T akwai ƙofar da ba a buɗewa,
taɓa ta kawai ake yi.
Wata ƙwaya ta zo da guntun bairos a tafin hannu,
ta ce: shinshina, kin san wannan?
Shi ke nan, magana ta faɗa ciki.
Lck ne enzayim ɗin da ya fara ji.
Ya ɗauki fosfet, ɗan ɗigon da ido bai taɓa gani ba,
ya manna a gindin ƙofar.
ZAP-70 ya zo ya zauna kan ɗigon,
ya manna wa na gaba,
na gaba ya manna wa na gabansa,
kamar bokiti na bin hannaye ranar gobara,
har zance ya kai cibiya
inda ake yanke hukunci:
rabu biyu, rabu huɗu, zama dubu,
nufi huhu.

Sai dai akwai wani a bayansu riƙe da tsumma.
Duk ɗigon da aka manna, yana bi yana gogewa.
Shekara uku Graciete na jin haushinsa.
Ta rubuta wa masu ba da kuɗin bincike
cewa shi ke ɗaure wa garkuwar jiki ƙafa,
sannan ta zare shi daga ƙwayoyin ɓeraye shida.

Shidan nan sun yi abin kallo.
Kwana huɗu, bairos ko ƙyallinsa.
Telmo ya sayo kek mai ƙwai daga shagon kwana,
aka ci a tsaye, ana dariya da cikakken baki.
A na biyar haki ya fara.
Ta yanki huhun na farko siriri, ta sa a madubi.
Babu maƙiyi ko ɗaya.
Mayaƙa ne cike da gari
suna saran bango, suna saran rijiya,
ba wanda ya ce musu yaƙi ya ƙare.
Garin neman gira, an rasa ido.

Ta jingina goshi da sanyin firji.
Mahaifinta ya faɗo mata a rai, Albano,
shekara talatin da ɗaya yana jan taragon lantarki
a tudun Graça,
inda titi ke matsewa har fasinja ya shafi bangon gidan mutane.
A harshensu ba a ce wa irinsa direba,
mai tsaron birki ake cewa.
Tana ƙarama ta raina sunan.
Shi kuwa yana ɓare lemo ya ce:
hawa ai na lantarki ne, yarinya,
kowane sakarai zai hau.
Albashina na gangara ne.
In an yi ruwa yakan saki yashi a kan dogo,
kaɗan kaɗan,
kuma ba fasinjan da ya taɓa gode masa
don bai mutu ba.

A keji na shida, wanda ya rage
ya ja jiki zuwa bakin kwalbar ruwa.
Ya sha. Ya tsaya. Ya sake sha.
Ba ta san dalili ba.
Wataƙila wani mai tsumman ne a cikinsa
da ba ta san sunansa ba tukuna.

Ta buɗe littafi, shafi na tamanin da bakwai,
ta ja layi a kan kalmar cikas,
ba ta rubuta komai a madadinta ba.
Ta auna nauyin ɓeran: giram goma sha takwas.

Can ƙasa, wajen asuba,
tarago na farko ya biyo gangara,
ƙarfe na cizon ƙarfe,
ƙarar da ta hana ta barci tun tana yarinya.
Ta buɗe taga don ta ji sosai.